Darasi A Kan Haƙƙin Hanya Da Na Maƙwabci A Lokacin Gini

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, Mai kowa Mai komai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa matashi, darasinmu na wannan karo a kan wani abu ne wanda mutane da yawa ba su ɗauke shi a bakin addini ba, alhali kuwa Shari'a ta yi magana a kansa filla-filla. Watau zancen hanya, da ƙofar gida, da yadda ake kame wuri a toshe wa jama'a in an tashi gini. Muna fuskantar ku samari da wannan magana domin ku ne a tsakiyar abin. Kai ne birkila, kai ne lebura, kai ne yaron tifa, kai ne ɗan kabu-kabu, kuma in rikici ya tashi kai ake turawa gaba. Saboda haka ka karanta da natsuwa, ka kuma karanta wa abokan aikinka.

YADDA FITINAR TAKE FARAWA

Duk mazaunin Wurno, ko Rabah, ko Goronyo ya san yadda garuruwan nan suka canja. Da can ginin laka muka sani: a kwaɓa ƙasa, a yi tubali, jaki ya ɗauko, magini ya ɗora. Yanzu kuwa bulo da siminti da rodi sun shigo. Waɗanda suka ga ambaliyar 2010, lokacin da ruwa ya cika madatsar Goronyo ya malalo ta Gulbin Rima ya ci garuruwa da gonaki, sun san abin da ruwa yake yi wa katangar laka, don haka wanda Allah Ya hore wa sai ya ce bulo zai yi. Daɗin daɗawa, rashin tsaro ya koro 'yan'uwanmu da yawa daga ƙauyuka zuwa cikin gari. Mutane sun ƙaru, ababan hawa sun ƙaru, amma rariyoyinmu na cikin gari suna nan yadda kakanni suka bar su, kuma da jaki da raƙumi aka auna su.

To, ga yadda abin yake faruwa. Yau tifa ta juye yashi a tsakiyar hanya. Gobe tsakuwa. Jibi an jera bulo. Leburori sun share gefen titi sun mai da shi wurin kwaɓa siminti. Saboda ana jiran wata tifa ko tankar ruwa, tun da asuba sai a jera duro da tsofaffin tayoyi da katako, a kame wuri tun daga ƙofar mai gini har ƙofar maƙwabcinsa, wai kada kowa ya ajiye mota ko babur. Maƙwabci ya dawo daga fadama da amalanke cike da albasa, ya rasa wurin tsayawa. Ɗan kabu-kabun da ya saba jiran fasinja a inuwar nan an ce ya tashi. Wannan ya ce, "Ai ƙofar gidana ce." Wancan ya ce, "Mu dai sa mu aka yi." Daga cacar baki sai zagi, daga zagi sai dambe, daga nan sai ofishin 'yan sanda. Gini ya ƙare cikin wata uku, gaba kuwa ta shekara goma tana nan, har 'ya'ya su gada.

HANYA TA WA CE?

Ka sani, ya ɗan'uwa, hanyar da take ɓullewa haƙƙi ce ta dukkan masu wucewa, ɗan gari da baƙo, Musulmi da wanda ba Musulmi ba, har da dabbobi. Ba a sayar da ita, ba a gadonta, kuma daɗewa a bakinta ba ya mai da ita ta mutum.

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Sa'id Al-Khudri (R.A.) cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya gargaɗi sahabbai game da zama a kan hanyoyi. Da suka nuna masa ba su da wani wurin taruwa su yi hira, sai ya yi musu izini bisa sharaɗin su ba hanya haƙƙinta, ya kuma lissafa musu abu biyar: runtse ido, da kame cuta, da amsa sallama, da umurni da kyakkyawa, da hani daga mummuna. To, duba nan. In zaman mutum kawai, wanda zai iya miƙewa cikin ƙiftawar ido, sai da aka gindaya masa sharaɗi, ina ga tulin tsakuwar da zai kwana arba'in ba ya motsi?

Har wa yau, su biyun sun ruwaito daga Abu Huraira (R.A.) cewa Annabi (S.A.W.) ya yi hukunci in mutane suka saɓa a kan faɗin hanya a sanya ta kamu bakwai. Kamu bakwai bai wuce mita uku da rabi ba, kuma malamai sun ce hikimarsa ita ce dabbobi masu ɗauke da kaya su sami shiga da fita. Imam Nawawi ya yi bayani cewa in hanya ta riga ta fi haka faɗi, ba wanda yake da ikon ya ci wani abu daga cikinta, ko da kaɗan ne. Yanzu sai ka yi lissafi da kanka. Faɗin tifa guda ya kai mita biyu da rabi. In ta tsaya a rariya mai kamu bakwai, me ya rage? In kuma aka ƙara da tulin yashi, ta ina za a wuce da makara? Ta ina motar da ta ɗauko mai naƙuda za ta bi?

Abu Dawuda ya ruwaito daga Mu'azu ɗan Anas Al-Juhani (R.A.) cewa a wani yaƙi mutane sun ƙuntata masauki sun kuma tare hanya, sai Annabi (S.A.W.) ya aiki mai shela ya sanar cewa wanda ya yi haka ba shi da ladan jihadinsa. Subhanallahi! Mutum ya bar iyalinsa ya fita da ransa saboda Allah, amma tare hanya ya ci masa lada. To, kai da kake gina shago domin ka karɓi haya, me kake tsammani?

ƘOFAR GIDANKA: AMFANI AKA BA KA

A nan ne mafi yawan mutane suke kuskure. Filin da yake manne da katangarka ta waje, wanda malaman fiƙihu suke kira fina'i, lalle kai ne mafi cancantar amfani da shi. An ruwaito a littattafan Malikiyya cewa Sayyidina Umar (R.A.) ya yi hukunci masu gidaje su ne da amfanin ƙofofin gidajensu. Kana iya shimfiɗa tabarma, ka ɗaure dabbarka, ka sauke kaya, ka jingine baburinka. Amma amfani daban, mallaka daban. Abin da ka mallaka ya tsaya a iyakar katangarka.

Shaihu Halil ya kawo hukunce-hukunce uku a jere cikin Muhtasar, littafin da alƙalan ƙasar nan suka daɗe suna hukunci da shi. Na farko, ana rushe ginin da aka yi a kan hanya ko da bai cutar da kowa ba. Na biyu, ana barin masu ƙaramin ciniki su zauna a ƙofofin gidaje in zamansu bai yi nauyi ba. Na uku, wanda ya riga zuwa wuri shi ya fi cancanta, kamar yadda ake yi a masallaci. Ka ga ke nan dakalin da wasu suke ci da shi cikin titi, da matakalar da ake fitarwa, da ramin shadda da ake haƙawa a waje, duk suna cikin hukunci na farko. Kuma kada ka raina abin. Hadisi ya tabbata daga Sa'idu ɗan Zaidu da Nana A'isha (R.A.) cewa wanda ya ci taƙi guda na ƙasa da zalunci za a rataya masa shi a wuya har ƙasa bakwai ranar Alƙiyama. Cin taƙi daga gonar mutum guda yana da sauƙin warwarewa, domin ka san wanda za ka nemi gafararsa. Taƙin hanya fa, wa za ka bi ka roƙa?

Lungun da ba ya ɓullewa kuwa hukuncinsa dabam ne. Shi tamkar mallakar mazaunansa ne gaba ɗaya. Saboda haka ba ka da ikon ka yi wani sabon abu a cikinsa sai da yardarsu, su kuma in sun yarda sun yafe haƙƙinsu.

KAME WURI DA DURO DA TAYA

Abu Dawuda da Tirmizi da Ibnu Majah sun ruwaito cewa Nana A'isha (R.A.) ta ce an tambayi Annabi (S.A.W.) ko a gina masa wani ɗaki a Mina wanda zai yi masa inuwa. Ya ƙi, ya kuma bayyana cewa Mina wurin durƙusar da raƙumi ne na duk wanda ya riga zuwa. Ka lura da kyau, wurin durƙusar da raƙumi a wancan zamani shi ne wurin ajiye abin hawa. Fiyayyen halitta bai yarda a kame masa wuri a filin jama'a ba. To, wane ne ɗan kwangila, wane ne alhajin unguwa, da zai aiko yaro da duro tun kafin assalatu?

Sai dai akwai bambanci da ya kamata ka gane. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya tashi daga mazauninsa sa'an nan ya dawo, shi ya fi cancanta da shi. Don haka in tifa tana cikin sauke kaya ta ɗan ja gaba ta juyo, ko mai baro ya kai bulo ciki zai dawo yanzu, ba daidai ba ne wani ya faɗa wurin da gangan. Wannan aiki ne da ake cikinsa. Abin da ba shi da madogara shi ne a tare wuri yini guda, ko mako guda, saboda motar da ba a ma san ranar zuwanta ba, mutane suna buƙata, wurin yana zaune banza.

Keɓe filin jama'a kuwa aikin hukuma ne, kuma domin amfanin jama'a. Bukhari ya kawo cewa Annabi (S.A.W.) ya keɓe makiyayar Naƙi'u, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Sharaf da Rabaza, malamai suka ce domin dawakin jihadi da dabbobin zakka aka yi haka. A tsarin ƙasarmu ma, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa riƙon ƙasa a hannun gwamna, Tsarin Mulki na 1999 kuma ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da tituna da magudanan ruwa da kasuwanni da tashoshin mota. In hukuma ta rufe titi domin a gina kwalbati ko kwata, wannan maslaha ce, sai a yi haƙuri. Amma ko ita ɗin, wajibi ne ɗan kwangilarta ya sa alama, ya buɗe wata hanyar ratse, ya kuma gaggauta.

ABIN DA AKA YARDA WA MAI GINI

Kada ka fahimci cewa Shari'a ta hana gini ko ta hana sauke kaya. Ba wanda zai gina ɗaki ba tare da yashi ya sauka a wani wuri ba. Ƙa'idar da ake komawa gare ta ita ce hadisin da Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa, wanda yake shi ne na 32 a cikin Arba'una Hadisi: an hana cutarwa, an kuma hana rama cuta da cuta. Daga wannan ƙa'ida, ga sharuɗɗan da mai gini zai kiyaye:

1. Ya fara da cikin filinsa. Muddin akwai wuri a ciki, babu uzurin zuba kaya a waje. Ƙyashin biyan lebura ya kwashe da baro ba lalura ba ce.

2. Ya sanar da maƙwabta kafin tifa ta zo, ya gaya musu kwana nawa abin zai ɗauka. Sallama da neman izini ba su cin ko kwabo, amma suna kashe rabin fitina.

3. Ya tsaya a ƙofarsa. In dole sai ya taɓa ƙofar maƙwabci, to da yardarsa.

4. Ya bar hanyar da mota za ta wuce, kada ya rufe ƙofar kowa, kada ya toshe kwata. Yashin da aka bari a magudana da damina, a ɗakin wani talaka ruwansa yake kwana.

5. Ya sayi kaya gwargwadon aikin da zai yi yanzu. Wanda ya juye tifa biyar alhali kuɗin siminti bai samu ba, ya mai da hanyar Musulmi rumbunsa.

6. Ya sa alama da dare, ya tanƙwara bakin rodi, ya rufe rami.

7. In aiki ya ƙare ya kwashe saura, ya fasa busasshen simintin da aka kwaɓa a ƙasa, ya mai da wuri yadda ya same shi.

IN WANI YA CUTU, WA ZAI BIYA?

Wannan babi ne da samari ba su cika saninsa ba. Imam Malik ya bayyana a Muwaɗɗa cewa wanda ya haƙa rijiya a kan hanya, ko ya ɗaure dabba, ko ya yi wani abu makamancin haka wanda bai halatta ya yi shi a hanyar Musulmi ba, to shi ne da lamunin abin da ya faru na rauni ko waninsa. Amma abin da ya halatta, kamar mutum ya sauka daga dabbarsa domin wata buƙata ya tsai da ita a hanya, babu tara a kansa.

Sai ka auna halinmu da wannan ma'auni. Mai babur ya taho da dare, babu fitilar titi, ya hau tulin tsakuwar da aka bari babu alama, ya karye. Yaro ya faɗa ramin da aka haƙa a waje aka bar shi buɗe. Makaho ya yi tuntuɓe da rodi. Mu abin da muka saba, sai a ce "ƙaddara ce", a kai gaisuwa, shi ke nan. Lalle komai da ƙaddarar Allah yake faruwa, amma ƙaddara ba ta ɗauke lamuni. Kuɗin magani da diyya suna nan a wuyan wanda ya yi sakaci, in bai biya a nan ba zai biya a ranar da babu naira babu kwabo sai lada da zunubi.

GARE KA, LEBURA DA BIRKILA DA DIREBA

Sana'arka mai daraja ce, cin guminka ya fi roƙo nesa ba kusa ba. Amma kalmar nan "sa ni aka yi" ba za ta fisshe ka ba. Hannunka ne ya jera duron, ƙafarka ce ta taka birkin tifar a ƙofar mutane. Biyayya ga mai gida tana cikin abin da yake daidai ne kawai. In ya ce ka juye a tsakiyar hanya, ka ce masa cikin ladabi, "Alhaji, a nan za mu tare wa mutane, bari mu matsa jikin katanga." Sau da yawa mai gida bai ma san inda aka zuba ba, ku ne kuka zaɓi wurin da ya fi muku sauƙi.

Kuma ka tuna da sauran haƙƙoƙin nan biyar, domin mai aiki a bakin hanya mazaunin hanya ne. In kana bisa gini kana hango tsakar gidan maƙwabci, ka sanar tukuna domin iyali su kimtsa, sa'an nan ka runtse idonka. Ka kame bakinka daga batsa da yi wa 'yan mata masu talla ba'a. Kada ka tsuguna a gindin katangar mutane ko a inuwarsu, domin Muslim ya ruwaito cewa yin bayan gida a hanyar mutane ko inuwarsu yana jawo tsinuwa. In tsoho ya zo wucewa, ka ajiye shebur ka kama masa hannu.

Dubi kuma ribar da take gabanka kullum. Kawar da abin cutarwa daga hanya reshe ne na imani, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Bukhari da Muslim kuma sun kawo labarin mutumin da ya janye reshen ƙaya daga hanya, Allah Ya gode masa Ya gafarta masa. Kai da shebur da baro suke hannunka, wa ya fi ka damar samun wannan?

GARE KA, MAƘWABCIN MAI GINI

Kai ma akwai naka. Allah Ya yi umurni da kyautata wa maƙwabci na kusa da na nesa a Suratun Nisa'i, aya ta 36, kuma Mala'ika Jibrilu bai gushe ba yana yi wa Annabi (S.A.W.) wasiyya da maƙwabci har ya zaci za a ba shi gado. Abu Huraira ya ruwaito hani ga mutum ya hana maƙwabcinsa kafa itacen rufi a katangarsa. In katangar da ka gina da kuɗinka an so ka bari a amfana da ita, ina ga ƙofar gidan da ba ka saya ba?

A Muwaɗɗa akwai labarin Dahhaku ɗan Halifa, wanda ya so ya ja ruwa ta cikin gonar Muhammadu ɗan Maslama, shi kuwa ya ƙi. Sayyidina Umar ya tambaye shi dalilin da zai hana ɗan'uwansa abin da zai amfane shi, shi ma ya amfana, kuma ba zai cuce shi ba. Da ya dage a kan ƙi, sai Umar ya yi umurni a wuce da ruwan. Mutanen fadamar Wurno da Goronyo ba sa buƙatar a yi musu sharhin wannan, sun san yadda ruwa yake ratsa gonar wani kafin ya kai ga ta wani.

Saboda haka in an nemi izininka na kwana biyu ko uku, ka bayar da daɗin rai, ka kai baburinka zaure. Gobe kai ne mai gini. Ka kuma binciki zuciyarka: shin yashin ne ya dame ka, ko kuwa ganin maƙwabcinka yana ɗora bulo kai kana cikin laka? In na biyun ne, wannan hassada ce, maganinta istigfari da yi masa addu'ar albarka. Kuma ko an cuce ka, ba ka da ikon sace dare ka watsar da bulonsa, ko ka sace iskar tayar tifa, ko ka ɗebi yashinsa ka ce ladan ƙofarka ne. Wannan shi ne rama cuta da cuta wanda aka hana.

IN RIKICI YA RIGA YA TASHI

Mataki na farko, ka sami mai ginin shi kansa, a keɓe, da tattausan harshe. Kada ka tsaya musu da leburori a gaban jama'a. In bai ji ba, ka nemi limamin unguwa ko dattijo biyu su je su ga wurin da idonsu. In abin ya faskara, sai mai unguwa, sai hakimi, sai uban ƙasa, sa'an nan hukumar ƙaramar hukuma ko alƙali. Ko'ina aka je, a nemi abu biyu: a buɗe hanya yau, a kuma yanka ranar da za a kwashe saura.

Ku kuma samarin unguwa, kada ku zama itacen hura wuta. In kun ga an fara ɗaga murya, ku ɗauko shebur ku taya a matsar da yashin, cikin rabin sa'a magana ta mutu. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa gyara tsakanin mutane ya fi darajar nafilar azumi da salla da sadaka. Kuma bai halatta Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku ba. Abin kunya ne mutum biyu su tsaya sahu ɗaya da asuba, kafaɗa da kafaɗa, su fito ba mai ce wa wani ina kwana saboda tifar yashi.

WANNAN BA SABON ILMI BA NE A ƘASARMU

Kada wani ya ce maka tsara hanya da gini abin Turawa ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya kafa ribaɗin Wurno ya zauna a cikinsa har ya rasu a nan a 1837, ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje littafin Usulus Siyasa. A ciki ya lissafa wa shugaba ayyukansa, har da kula da masu sana'a, da gina garuruwa da gadoji, da gyaran kasuwanni da hanyoyi. A wannan zamani ne kuma Alƙalin Gwandu Idrisu ɗan Halidu ya tattara wa alƙalai mas'alolin da aka fi kawo musu ƙara a kai, a ciki har da na hanya da katanga da cutar maƙwabci. Tun kafin su, a birnin Tunis, a ƙarni na 14, an yi wani magini mai suna Ibnur Rami, wanda alƙalai suke aikawa ya duba gine-ginen da ake jayayya a kansu, har ya wallafa littafi sukutum a kan hukunce-hukuncen gini. Ka ji, magini ne kamarka, da laka a hannunsa, amma ya san hukuncin Allah a cikin sana'arsa. Wajibi ne a kan kowane baligi ya san hukuncin abin da zai shiga kafin ya shige shi, ciniki ne ko noma ko gini.

TAMBAYOYIN BITA

1. Kawo haƙƙoƙin hanya guda biyar.
2. Mene ne bambancin amfani da ƙofar gida da mallakarta?
3. Wane darasi muka samu daga hadisin Mina game da kame wuri?
4. Yaushe lamuni yake hawa kan wanda ya ajiye abu a hanya?
5. Duba unguwarku a wannan mako: akwai abin da kai ko gidanku kuka ajiye a hanya? Yaushe za ku kwashe?

Muna roƙon Allah Ya sa mu cikin masu jin magana su bi mafi kyawunta. Ya Allah Ka tsare maƙwabtanmu daga sharrinmu, Ka sanya albarka a gumin masu neman halal, Ka zaunar da garuruwanmu da ƙauyukanmu lafiya, Ka mai da waɗanda aka raba da gidajensu gida cikin aminci. Allah ne Mafi sani. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.